Tumakin da ke kiwo a bakin teku

Har yanzu akwai laka a gindin jakata, na hana a wanke. Daga Mont-Saint-Michel na kwaso ta, can arewa maso yammacin Faransa, inda ɗan yayata da ke karatu a Rennes ya matsa sai mun je. Kowa dutsen nan yake zuwa gani da tsohon cocin da ke kansa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi tun 1979. Ni kuwa tun daga tagar bas idona ya maƙale a kan tumaki, ɗaruruwa, suna kiwo a wani shimfiɗaɗɗen fili ba bishiya ko ɗaya, teku na can gaba.

Ja-goranmu ya sa muka tuɓe takalma. Watan Oktoba ne, sanyin lakar ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Ya tsinko wata 'yar ciyawa mai gaɓa-gaɓa, ba ganye, ta fara ja, ya ce in tauna. Gishiri zalla! Salicorne suke ce mata. Nan Ingal ta faɗo mini a rai, inda Buzaye da Fulani ke kora dabbobi tafiyar kwanaki a ƙarshen damina don su lashi gishiri. A nan teku ce ke kawo shi har gida. Idan wata ya tsaya ko ya cika, ruwa na tasowa ya shanye filin, a manyan ranaku tashinsa kan kai wajen mita 14. Makiyayi sai ya duba jadawalin ruwa kafin ya saki garke.

Wani dattijo mai tumaki ya tsaya da mu ya fi rabin awa, ɗan yayata na fassara. Da ya ji muna ba dabbobinmu kanwa sai ya yi dariya, ya ce ashe duk kanwar ja ce, ko da yake ba haka ya faɗa ba. Ya ce ɗan rago ba ya samun sunan pré-salé, wato ragon makiyaya mai gishiri, sai ya yi aƙalla kwana 70 a wannan kiwo. Ya shiga gida ya ɗauko mana kwalbar salicorne jiƙe a ruwan tsami, ya ƙi karɓar ko sisi. Naman dai ban ci ba, ba yankanmu ba ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, 'yan rafukan da suka tsattsaga filin. A ido taɓo ne kawai. Ja-gora ya ɗaga wata ciyawa mai ruwan toka, sai ga ƙananan halittu kamar jatan lande suna ta tsalle. Su 'ya'yan kifi ke biyo ruwa su ci. Can nesa ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu kama da ɗinya, tun daga Saiberiya suka taso don su yi hunturu a nan.

A kan dutsen kuma aka so yi mini fashi da rana tsaka. Wainar ƙwai sama da yuro 30, wajen jika 20 ke nan! A Maraɗi mai shayi zai ɗauka zolaya ce. Mai hidimar ko kallon arziki bai yi mana ba da muka miƙe. Burodi muka ci a tsaye.

Da la'asar ruwa ya fara dawowa, muka kama bas. Barci na yi har Rennes.