Solingen, garin maƙera: tsohuwar wuƙa da sabuwa

Daga Dusseldorf zuwa Solingen tafiyar ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Mu biyu ne, ni da wani abokina Badamagare mai aikin girki a gidan abinci, wanda wuƙa ba ta barin hannunsa daga hantsi har dare. Shi sabuwar wuƙar aiki ya je nema. Ni kuwa aike ne ya kai ni. Kawuna, tsohon mahauci, ya ji ina Jamus, sai ya yo waya: "Ka samo mini wuƙar Okapi 'yar aljihu, ta asali, ta da. Kada ka kawo mini irin ta yanzu."

Garin ba shi da wani kwarjini a ido. Jiragen yaƙi sun rushe tsakiyarsa a watan Nuwamba na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka yawancin gine-ginen na bayan yaƙi ne. Abin da ya fara ɗaukar hankalina motocin bas ne masu jan wuta daga wayoyin da aka shimfiɗa a saman titi. Ɗaya daga cikinsu muka hau zuwa unguwar Gräfrath, inda gidan tarihin wuƙaƙe da takubba yake, a cikin wani tsohon gidan zaman mata masu bautar coci.

A nan na daɗe a gaban takubba. Duk wanda ya taɓa zare tsohon takobin gado a Kano ko Agadas, akwai yiwuwar ƙarfen wannan gari ya riƙe. Heinrich Barth, wani Bajamushe matafiyi da ya shiga Kano a 1851, ya ambaci ruwan takubba na Solingen da ake ketowa da su ta hamada, a zo a yi musu mariƙi da kube a gida. Har ta kai maƙeranmu suna buga irin tambarin Turawan, musamman jinjirin wata mai fuska guda biyu, a kan takubban da suka ƙera da kansu, don mai saye ya fi yarda da abin da ke ɗauke da shi. Ashe rigimar "ta asali ce ko kwaikwayo" ta girmi kakanninmu.

Abokina bai damu da wannan ba. Sai duba agogo yake yi.

Daga can muka gangara bakin kogin Wupper, zuwa Balkhauser Kotten, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen wasa ƙarfe da suka rage. Ruwan kogi ne ke juya wata ƙatuwar ƙafa ta katako, ita kuma ta juya duwatsun wasawa, waɗanda wasunsu sun fi mutum tsayi. A da, wuƙa ɗaya sai ta ratsa hannaye da yawa. Maƙeri daban, mai gasa ƙarfe ya tsoma shi don ya yi tauri daban, mai wasawa daban, mai saka mariƙi daban, kowa a nasa gida. Mata ne ke ɗaukar kayan a kwando bisa kai daga wannan gida zuwa wancan, suna hawa tudu suna gangarawa. Masu wasawa kuwa ƙurar dutse ce ke cinye musu huhu tun da sauran ƙarfinsu, wani lokaci kuma dutsen ya tarwatse yana cikin gudu. Masu yabon aikin da ba su cika tuna wannan ɓangaren ba.

Wani dattijo a wurin ya miƙa mini wata 'yar wuƙar kicin, ya ce in danna gefen kaifin a kan farcen babban yatsana a kwance. Na danna a hankali, sai na ga bakin ya ɗan lanƙwasa, ya yi wani ɗan tudu da ke bin farcen duk inda na ja shi. Tsabar siranta ke nan. Ya ce haka ake gwada wasawar hannu tun zamanin kakansa, kuma yawancin wuƙaƙen da inji ke fitarwa yau sun fi haka kauri a bayan kaifi, don kada su ɓalle a hannun wanda zai sara ƙashi da su ya dawo yana ƙorafi.

A nan gardama ta ɓarke tsakanina da abokina, ba ta kuma mutu ba har yamma. Shi a wajensa tsohuwar wuƙa wahala ce kawai. Ƙarfen da, mai yin tsatsa, in ka yanka albasa ko lemun tsami ka ajiye shi minti kaɗan ba ka goge ba, ya yi baƙi. Ga mariƙin katako da ke tsagewa yana ɓoye dauɗa. "Malam, ni fa buhun albasa nake yankawa," in ji shi, "ba ni da lokacin lallashin wuƙa." Gaskiyarsa. Ƙarfe marar tsatsa ya fito ne wajen 1912 da 1913, a kamfanin Krupp na Essen da kuma hannun Harry Brearley a Sheffield ta Ingila, kuma wanda manyan kamfanonin Solingen irin su Zwilling da Wüsthof suka fi amfani da shi yau yana da sinadarin kuromiyom kusan kashi 15 cikin 100. Shi ne ke hana tsatsa. Ka wanke, ka rataye, ka manta.

Amma na san abin da kawuna ke nufi, don na tashi ina ganinsa ranar Babbar Sallah. Ana tsakar fiɗa wuƙa ta dakushe, ya goga ta a dutse sau uku, huɗu, ta dawo tana aske gashin hannu. Baƙin ƙarfe mai tsatsa yana karɓar dutse da sauri, yana kuma yin kaifin da marar tsatsa na yau da kullum ke wuyar kaiwa. Na farko-farkon marar tsatsar ma ya yi ƙaurin suna wajen rashin riƙe kaifi, kuma daga nan tsofaffi suka yanke masa hukunci, ba su sake waiwayarsa ba ko da aka gyara shi.

Mun dace zuwanmu ya faɗo a kan Zöppkesmarkt, babbar kasuwar gwanjon da ake ci a tsakiyar gari duk watan Satumba. A nan na haɗu da mutane na uku, waɗanda ba mu saka a lissafi ba, wato masu tara wuƙaƙe don ajiya. Su ba ruwansu da kaifi. Na tsaya kusa da wani mai farin gemu da ya ciro madubin ƙara girma daga aljihu, ya buɗe wata wuƙar ninkewa rabi, ya kafa ido a gindin ruwan, inda ake buga tambari. Daga siffar rubutun yake gane zamanin da aka yi ta. In an rubuta Jamus ta Yamma, ya san tsakanin ƙarshen yaƙi da 1990 ne. In ta riga yaƙin, kuɗinta ya ɗaga. Ya rufe ta, ya saurari ƙarar da ta yi, ya sake buɗewa. Sannan ya ajiye ta yana girgiza kai, wai wani ya taɓa goge ta da inji don ta yi sheƙi, ya kashe mata daraja.

Abin ya ba ni dariya, ya kuma ɗan ba ni haushi. A teburin nan, wuƙar da ta fi kowace tsada ita ce wadda tun da aka ƙera ta ba ta taɓa yanka ko tumatir ba, tana cikin kwalinta da takardarta. Wadda ta yi shekaru tana ciyar da gida har cikinta ya rame saboda wasawa, tana can cikin kwandon tarkace. Sai dai ba zan zage su ba. Ba don irinsu ba, da 'yan gwangwan sun daɗe da narkar da rabin abin da na gani a Gräfrath.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a kan wuƙa ina da ja. Tsofaffin da muke yabo su ne waɗanda suka yi ƙarko har suka iso mu. Marasa kyau na zamaninsu, kuma an yi su da yawa don araha, sun karye an zubar tun tuni.

Okapi kuwa, a Solingen aka fara yin ta a 1902, don kasuwannin Afirka tun asali, amma tun 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ta Jamus ta zama kayan masu ajiya. Na sami guda biyu a teburin wata mata. Ɗaya fes, da adon wata da taurari a mariƙi, ba ko ƙwarzane. Ɗayar ta sha aiki, bakinta ya yi duhu, amma zoben da ake ja a rufe ta na nan da ƙarfinsa, ruwan kuma ba ya girgiɗi. Kuɗin ta farkon ya ninka na ta biyun sau da yawa. Na ɗauki ta biyun, domin na san ko wacce na kai, washegari za ta hau dutse.

Abokina ya ja ni shagon wani kamfani, ya zaɓi babbar wuƙarsa marar tsatsa mai baƙin mariƙin roba. Muna shirin fita ya hango ƙananan wuƙaƙen Robert Herder masu tambarin injin niƙa na iska, kamfanin da ke aiki tun 1872, wanda har gobe yake yin wasu da ƙarfe mai tsatsa, yana wasa su sirara irin na da. Sababbi ne dal, kuma ba su da tsada. Ya gwada ɗaya a farce kamar yadda dattijon nan ya nuna mana, ya yi shiru, ya saka ta cikin kayansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina batun rashin lokacin lallashi?"

Ya ce wannan ta gida ce, ta ɓare tafarnuwa, kuma in daina sa masa ido.

Mai shagon ta naɗe mana komai da kyau, ta ja kunnenmu kada mu kwance a cikin jirgi. Dokar Jamus ta hana yawo da wuƙa mai tsayayyen ruwa da ya wuce santimita 12 sai da dalili, ko kuma a cikin abin da aka kulle, ga shi ta abokina santimita 20 ce.