Abin da na gano wajen shirya wasan Le Misanthrope

Na shirya wasan kwaikwayon Molière, marubucin Faransa, mai suna Le Misanthrope da ɗalibai masu koyon Faransanci, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne hana 'yan kallo yanke wa Alceste, jarumin wasan, hukunci tun daga fitowar farko. An fara nuna wasan ranar 4 ga Yuni, 1666, a gidan wasan Palais-Royal da ke Paris. Molière da kansa ya fito a matsayin Alceste, mutumin da ya rantse ba zai yi wa kowa daɗin baki ba. Matar Molière, Armande Béjart, ce ta fito a Célimène, bazawara 'yar shekara 20 mai manema rututu, wadda Alceste ke so. Kashi biyar ne, duka a gidan Célimène, don haka kayan dandamali kaɗan ne: kujeru, tebur, wasiƙu, da ƙofar da kowa zai ga mai shiga da fita.

Matsala ta farko ita ce harshe. Kusan duk wasan waƙe ne, kowane ɗango gaɓa 12, da ɗan tsayawa bayan ta shida, ɗango bibbiyu masu amsa-amo ɗaya. In ka ƙyale ɗalibi sai ya rera shi kamar hadda, kunne ya bi amo ya bar ma'ana. Nakan sa kowa ya fara faɗin manufar ɗangon da Hausa, sannan ya koma ga Faransancin, ya numfasa inda jimla ta ƙare, ba inda layi ya ƙare ba.

Fitowa ta biyu a kashi na ɗaya ita ce awon ɗan wasa. Oronte, ɗaya daga cikin maneman Célimène, ya karanta wa Alceste waƙarsa, ya nemi a gaya masa gaskiya. Alceste, wanda bai daɗe da gama yi wa abokinsa Philinte faɗa kan munafunci ba, sai ya shiga kwana-kwana, wai akwai wani marubuci da ya taɓa ba shawara. Duk sa'ad da Oronte ya tambaya ko da shi ake, sai ya ce ba haka ya ce ba. Ɗan wasan da ya fara da tsawa ya kashe dariyar, domin dariyar tana cikin ganin sarkin gaskiya yana zillewa. A bar shi ya kau da ido, ya haɗiye yawu, sai a ƙarshe ya fashe.

A 1758 masanin falsafa Rousseau ya zargi Molière da mai da mutumin kirki, wato Alceste, abin dariya. Ni ban yarda da shi ba, kuma kashi na huɗu ne hujjata. Alceste ya shigo riƙe da wasiƙar da Célimène ta rubuta wa wani, wadda Arsinoé, mai kishi da ita, ta ba shi, yana huci, da niyyar rabuwa da Célimène. Kafin fitowar ta ƙare yana roƙonta ta daure ta nuna kamar tana riƙon amana, shi kuma zai daure ya yarda. Mai ƙin ƙarya ke nan yake barar ƙarya saboda so. Na zaunar da ita ba ta motsi, shi ke zagaye kujerarta har ya durƙusa.

Ita ma Célimène kada a mai da ita muguwa. Gulmarta a kashi na biyu gwaninta ce, kuma manemanta Acaste da Clitandre ne ke zuga ta da dariya, don haka a jiyo dariyarsu sosai. Karonta da Arsinoé a kashi na uku habaici ne tsantsa a cikin rigar nasiha. Da zarar ɗaya ta ɗaga murya an ɓata shi. Murmushi ake so har ƙarshe.

In lokaci ya matsa aka tashi rage wasan, kada a taɓa zancen shari'ar da Alceste ya ƙi zuwa kamun ƙafa a kanta, har ya ce ko za ta ci masa faran (kuɗin Faransa na lokacin) 20,000 ya samu damar tsine wa mutane. In babu ita, neman da ya yi a kashi na biyar cewa Célimène ta bar Paris ta bi shi inda babu kowa zai zama kishi kawai, 'yan kallo kuma su tsaya mata gaba ɗaya.