Jingar Kumbo: Yadda NASA Ta Koma Mai Sayen Kujera

A 1962, lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbonsa a nan Kano take. A wancan zamani kamfanoni ne ke ƙera kaya, amma kumbo da roka da asara duk na gwamnatin Amurka ne. Yau kuwa, in ɗan sama jannatin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, zai tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS), galibi kujera ake saya masa a kumbon kamfani.

Tushen sauyin yana cikin takardar kwangila. A tsohon tsari, gwamnati na biyan duk abin da kamfani ya kashe, ta kuma ɗora masa riba, don haka in aiki ya ja, aljihun gwamnati ne ke kuka. Sabon tsarin jinga ne irin wadda ake yi da magini: a yanke farashi tun farko, a riƙa biya kashi-kashi in an kai matakin da aka yi alkawari, abin da ya haura kuma na ɗan kwangila ne. Kumbon ma nasa ne, yana iya yi wa wasu jigila da shi.

Larura ce ta hanzarta abin. Da aka yi wa jiragen sama jannatin NASA, wato Space Shuttle, ritaya a Yulin 2011, Amurka ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, har kujera ɗaya ta haura dala miliyan 80. A 2014 sai NASA ta raba jingar jigilar 'yan sama jannati gida biyu: kamfanin Boeing dala biliyan 4.2, kamfanin SpaceX biliyan 2.6. Wanda aka ba kaɗan ɗin shi ya fara kai mutane, a Mayun 2020.

Sauƙin SpaceX yana wajen dawo da gindin roka don a sake amfani da shi. Rokarsa Falcon 9 hawa biyu ce. Hawan ƙasa yana da injuna 9 masu ƙona tataccen kananzir da oksijin da aka sanyaya har ya zama ruwa. Bayan kamar minti biyu da rabi sai ya rabu da na sama, ya juyo, ya sake kunna wasu injunan don rage gudu kafin iska ta ƙona shi. Wasu fukafukai 4 masu kama da raga ne ke saita shi zuwa dandalin sauka, a tudu ko a kan jirgin ruwa, sannan ƙafafu 4 su buɗe. Nan ne wuyar aikin take: tankin ya kusa ƙarewa, rokar ta yi sakayau, inji ɗaya ma ko an rage masa wuta iya ragewa ya fi ƙarfin nauyinta. Ba ta iya tsayawa a iska ta gyara zama. Dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa, in an kuskure ko ta faɗi ko ta koma sama. An fara samun nasarar wannan a Disambar 2015, wata shida bayan wata rokar ta tarwatse a sama saboda karyewar ƙarfen da ke riƙe tankin iskar hiliyam.

Boeing kuwa ta ɗanɗana ɗacin jinga. A gwajin kumbon Starliner na 2019, agogon kwamfutarsa ya yi kuskuren awa 11, ya ƙona mai ba a kan lokaci ba, bai kai tashar ba. A Yunin 2024 ya ɗauki 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams zuwa tashar, sai hiliyam ya riƙa yoyo, ƙananan injunan saiti 5 cikin 28 suka ɗauke. Aka dawo da kumbon babu kowa ciki, tafiyar kamar kwana takwas ta zama ta wata tara, kumbon SpaceX ne ya dawo da su a Maris 2025. Ƙarin kuɗin da matsalolin suka jawo a wuyan Boeing ya faɗa. Abin da ke damuna shi ne, an raba jingar biyu don kada a dogara da hannu ɗaya, ga shi an wayi gari kamfani ɗaya ne ke jigilar.

Mu a Najeriya masu saye ne, shi ya sa sharuɗɗan kwangila suka fi shafarmu. Tauraron NigComSat-1 da Sin ta ƙera ta harba mana a 2007 ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan sola, madadinsa bai tashi ba sai Disambar 2011. Duk kwangilar da za a sa wa hannu nan gaba, ya kamata a rubuta ƙarara wa zai ɗauki asara in tauraro ya lalace, inshora za ta rufe shekara nawa, kuma cikin wata nawa za a kawo madadi.