Ziyarar tsuntsun da jihar Yuta ta ɗaukaka

Ɗan yayata da ke karatu a Salt Lake City, babban birnin jihar Yuta ta Amurka, ne ya matsa sai mun je tsibirin Antelope kafin in koma gida. A ƙarshen watan Yuli ne, zafi ya kai zafi. Bayan sallar asuba muka kama babbar hanya zuwa arewa, muka ratse ta garin Syracuse, muka biya kuɗin shiga a ƙofa, sai ga mu a kan wata siririyar hanya mai tsawon kusan kilomita 11 da aka cike cikin Babban Tafkin Gishiri. Wari ne ya fara yi mana maraba, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na kai hannu zan ɗaga gilashi, yaron ya ce, "Kawu, bar shi, hanci zai saba. In ka rufe ba za ka ji kukan tsuntsayen ba."

Kowace jiha daga cikin 50 na Amurka tana da tsuntsunta na hukuma, kuma yawanci kyan gani ko daɗin murya aka bi. Jan tsuntsun nan kadinal jihohi bakwai ne suka yi tarayya a kansa. Rhode Island da Delaware kuwa ba su wahalar da kansu ba, kaza suka ɗauka. Ita Yuta a 1955 sai ta zaɓi gal, farin tsuntsun ruwa mai fukafukai ruwan toka da rawayan baki, wanda ko sunansa na hukuma na wata jihar ne, Kalifoniya. Ba shi da murya sai ƙara, ba shi da kunya. A bakin kantunan birni na gan shi yana tonon shara.

Dalilin yana cikin tarihin noma. Mabiya ɗariƙar Mormon sun sauka a kwarin da Salt Lake City take a 1847 ƙarƙashin jagoransu Brigham Young. A 1848, shukar da suka sa rai a kanta ta fara kyau sai wasu manyan ƙwari baƙaƙe dangin fara suka sauko daga tuddai. Ba sa tashi sama, a ƙasa suke tafiya runduna guda, suna cinye duk abin da suka tarar. Mutane suka yi ta duka, suka sa wuta, suka kwararo ruwa, abin ya ƙi. Sai tsuntsayen tafki, wato gal, suka sauka a gonaki suna ta haɗiya, su amayar da abin da bai narke ba, su koma ci. Masana tarihi sun nuna cewa an ƙara wa labarin gishiri daga baya, don sanyi da fari ma sun yi ɓarna a shekarar, kuma tsuntsayen ba su ceci komai da komai ba. Ni dai ban ga laifin mutanen ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gona yana kallon fara tana cin gero ba zai tsaya lissafin rabon taimako ba. Mu ma ai ba ma taɓa shamuwa, kuma ita ma fara take ci. Bambancin dai su sun kafa wa nasu ginshiƙi a tsakiyar birni tun 1913, da tsuntsaye biyu na ƙarfe a samansa.

A tsakiyar hanyar muka tsaya inda wasu motoci suka yi layi. Bakin ruwan ya yi baƙi ƙirin, na ɗauka laka ce, sai da na matsa ta tashi: ƙananan ƙudajen gishiri ne, ba sa cizo, suna buɗe wa ƙafa hanya su sake rufewa a bayanta. Nan na ga abin da ya biya kuɗin man mota. Gal ɗaya ya sunkuyar da kai, ya wangale baki, ya sheƙa da gudu cikin ƙudajen yana kwasa, ya juyo ya sake. Babu farauta, babu dabara, gudu kawai da buɗaɗɗen baki. Na yi dariya har wata dattijuwa da ke gefe ta ɗago daga madubin hangen nesanta.

Ita ce ta kira ni in leƙa. Can cikin ruwa wasu ƙananan tsuntsaye masu siririn baki, falarof, suna ta juyi a wuri ɗaya kamar katantanwar yara. Juyin ne ke taso musu da abinci daga ƙasan ruwa. Ta ce suna tsayawa nan su yi ƙiba, sannan su kama hanyar tafkunan gishiri na Kudancin Amurka, har Ajantina. Tana da ɗan littafi da take rubuta duk wanda ta gani da rana da wuri. Masu wannan sha'awa ba sa ɗaga murya, ba sa sauri, kuma ba sa rowar madubinsu ga baƙo. Gal kuwa ko kallonsa ba ta yi, ya yi mata yawa.

Tsibirin kansa ciyawa ce busasshiya da duwatsu, sai ɓaunayen Amurka da aka fara kawowa a 1893. Mun gan su daga cikin mota, ban nemi ƙarin kusanci ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nisan ruwan. Daga inda aka tanada don wanka sai ka yi doguwar tafiya a kan farin fako kafin ka jiƙa ƙafa. Tafkin ba shi da mafita, koguna uku ne ke ciyar da shi, Bear da Weber da Jordan, kuma ana janye ruwansu tun a hanya, mafi yawa don ban ruwan gonakin ciyawar dabbobi. A Nuwamban 2022 ya sauka ƙasa da duk abin da aka taɓa aunawa. In ruwa ya ragu gishiri ya ƙaru, ƙudaje da ƙananan jatan landen da tsuntsaye ke ci su ragu, iska kuma ta kwashi ƙurar fakon zuwa birni. Wato noman da gal ya taimaka aka kafa shi ne yau yake shan ruwan gidansa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta kore mu. A hanyar komawa yaron ya ce akwai wata mafakar tsuntsaye a bakin kogin Bear kusa da Brigham City, tun 1928 take, ana zagaya ta cikin mota. Na ce to, amma sai ya samo mini aron madubi, don ba zan sake jingina da na mutane ba.