Iyafis ɗin da nake bin hanyar Daura da shi, da yadda na zaɓe shi

Aikina a Daura yake, iyali kuma suna Katsina wajen Ƙofar Marusa, to kusan kowane ƙarshen sati ina kan hanyar nan ta Mashi, kilomita wajen 80, wani lokacin motar KTSTA ta gwamnatin jihar Katsina wani lokacin ƙananan motocin haya da ake cusa mutum huɗu a baya. Ni kuma mutum ne mai son sauraro, waƙoƙin kalangu na da, kukuma, gurmi, karatun Alƙur'ani da safe, sai labarai in na samu data. Iyafis ɗin da ya zo cikin kwalin wayata irin mai faɗin kan nan ne da ke zama a bakin kunne kawai, a ɗaki babu laifi, amma mota na hawa kwalta iska ta fara shigowa ta taga ga ƙugin inji ga rediyon direba, shi ke nan sai ka ƙure murya har ƙarshe kuma duk da haka rabin baitin ba ka ji ba. Ina sauka sai in ji kunnena yana wani zuuu na ɗan lokaci. Wannan zuuu ɗin ne ya sa na tashi neman na kirki, irin wanda ke shiga cikin kunne da 'yar roba a bakinsa.

Na fara da shagunan 'yan waya na nan cikin gari. Duk kwalin da ka ɗauka abu ɗaya za ka gani, 20Hz zuwa 20kHz, na ɗari biyar da na dubu hamsin duk haka suke rubutawa, saboda wannan shi ne iyakar abin da kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya ke iya ji, daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, kowa ya ga dama sai ya buga a kwalinsa, ba ya gaya maka ko sautin zai fito da tsabta ko a cakuɗe. Sai kuma 16 ohm ko 32 ohm, wato awon yadda iyafis ke tare wutar da waya ke tura masa, wannan ma kar ya ɗaga maka hankali, kowace waya tana iya tura su ba tare da wahala ba. Sai girman 'yar sifikar da ke ciki, galibi milimita 10, wasu su ce 13 ko 14 don ka ɗauka ya fi, alhali girma daban iya saiti daban. Akwai ma masu alfahari da cewa sifika huɗu ko biyar suka cusa a kowane kunne, ƙananan nan da asalinsu na na'urar taimaka wa masu matsalar ji ne, to na saurari mai sifika ɗaya tak da ya fi irin waɗannan daɗi nesa ba kusa ba.

Wani yaro mai shago, mai kirki ƙwarai, ya ciro min wani ya ce "Yaya wannan bes ɗinsa ba a cewa komai, saka ka ji", ya haɗa da wayarsa ya kunna wata waƙar zamani mai dum dum. Gaskiya ya buga. Na ce masa ƙanena bari in gwada da tawa wayar, da abin da nake saurare kullum. Na kunna masa kalangu. Wanda ya san kalangu ya san magana yake yi, makaɗi yana matse tsirkiya a hammata sautin ya hau ya saki ya sauka, kuma ba kalangu ɗaya ba ne, akwai mai jan gaba akwai masu bi, ga 'yan amshi suna shigowa a bayan mawaƙi. A wannan iyafis ɗin duk sun dunƙule sun zama gudum gudum guda ɗaya, muryar mawaƙin ta koma can baya, 'yan amshi ba ka rarrabe su. Yaron da kansa ya saka ya ji ya ce "wallahi Yaya haka ne, ya cinye muryar". Tun daga nan duk inda na je da abu uku nake gwadawa, kalangu don in ji ko yana rarrabe kayan kiɗa, karatu don in ji ko murya na fitowa kusa kuma harafin sin da sad ba sa tsira min kunne, sai kukuma don sautin sama, in iyafis mai tsini ne kukuma ba ta minti biyu za ka ji kana son cirewa. Bes mai yawa yana burge mutum a shago ne kawai, a tafiyar awa ɗaya da rabi gajiyar da kai yake yi.

Amma babban abin da na gano ba a cikin iyafis ɗin yake ba ma, a robar bakinsa yake, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Mai kyau yana zuwa da roba kala uku a 'yar leda, ƙarama da matsakaiciya da babba, yawancinmu ledar nan tare da kwali ake jefar da ita a ci gaba da wadda aka tarar a jiki. Ramin kunne kuwa kamar hula ne, kowa da lambar kansa. In robar ba ta toshe ramin ruf ba iska na fita ta gefe, sautin ƙasa shi ne farkon guduwa, sai ka ji iyafis na dubbai yana kuka siriri kamar ba shi ba, ka ce an cuce ka, alhali roba ce ta yi maka kaɗan. Haka in ta yi yawa ba ta shiga sosai, tana lanƙwashewa, bayan ɗan lokaci kunne ya fara zafi ko ta riƙa zamowa in kana tauna goro ko kana magana. Ni da na zauna na gwada su ɗaya bayan ɗaya sai na tarar kunnena na dama babba yake so na hagu matsakaiciya, haka nake sakawa har yau, kuma na ji mutane da yawa haka suke. Yadda ake sakawa ma da dabara, ka kama saman kunnen da ɗaya hannun ka ɗan ja sama da baya, ramin zai miƙe, ka tura a hankali ka saki. In ya zauna daidai tun kafin ka kunna komai za ka ji duniya ta yi ƙasa, ka yi gyaran murya ka ji ta tana amsawa a cikin kanka. Akwai kuma wata irin ta soso da ake murzawa a matse a saka ta kumbura a ciki, ta fi roba toshe hayaniya, sai dai tana shan datti da zufa kuma bayan 'yan watanni sai an canza.

Toshewar nan ce ta raba ni da zuuu ɗin da na faɗa. Da hayaniyar mota ta daina shigowa sai na ga murya ƙasa da rabi ta ishe ni, abin da da sai na kai ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne don Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80, wato awon ƙarfin ƙara, na awa 40 a sati, yara kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu, in ka kai 90 awa 4 ne a sati gaba ɗaya, in ka kai 100 ko rabin awa ba ka da shi, kuma waya da yawa in an ƙure su da iyafis suna haura 100 ɗin. 'Yan ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya. Ina ganin yara a tasha, kana zaune kusa da yaro kana jin waƙar da yake saurare daga kunnensa, abin yana damuna ƙwarai, don yawancinsu ba ƙarar suke so ba, iyafis ɗin ne ba ya toshewa.

Sai maganar mai igiya ko bulutut, nan ne muka fi yin gardama da abokai a majalisa. Tun da Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 ya kawo AirPods, manyan wayoyi da yawa suka bi, amma Tecno da Infinix da itel da muka fi riƙewa a nan yawancinsu har yanzu suna da ramin nan na milimita 3.5, wanda tasa ba ta da shi kuma akwai 'yar gajeriyar igiya da ake sokawa a wajen caji na Type-C, sai dai ka nemi mai 'yar na'urar sauti a ciki don ba kowace waya ke karɓar marar ita ba. Bulutut yana da daɗin sha'ani ban musa ba, ba igiyar da za ta maƙale a hannun ƙofar mota, kana waya hannunka a sake, Oraimo ma ga su nan ko'ina kuma suna aiki. Amma ka tuna sautin matse shi ake yi kafin a tura ta iska, hanyoyin matsewar kuma iri-iri ne, kowane bulutut yana da SBC, wasu da AAC, sai aptX, sai LDAC na Sony da ke kaiwa 990 kbps, wato yawan datar sautin da ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma sai wayar da iyafis ɗin duka biyun suna da shi zai yi aiki, in ɗaya ba shi da shi komawa ƙasa suke yi ba tare da sun gaya maka ba. Sannan ga batir. Batirin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, ba a canza shi, kuma zafi ne babban makashinsa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ka bar gidan cajin a gaban mota cikin rana an gama. Ko da ka kula da shi bayan shekara biyu zuwa uku za ka ga caji ya fara gudu. Ga wutar nefa da sai ta ga dama, waya na jiran caji fawa banki na jira fitila na jira, ni dai ban ga dalilin ƙara wani a layi ba.

Masu kashe hayaniya da ake rubuta wa ANC na gwada na wani abokin aikina a mota. Akwai makirfo a jiki da ke sauraren ƙarar waje ya fitar da kishiyarta su kashe juna, a kan ƙugin inji da janareto yana aiki sosai har sai da na yi mamaki, amma hirar fasinjoji da kukan yaro da hon suna shigowa abinsu, kuma yana ƙara shan batir. Roba da ta zauna daidai ta yi min mafi yawan aikin nan ba caji.

A ƙarshe mai igiya na ɗauka, kuma irin wanda igiyar ke cirewa daga kan. Duk iyafis ɗin da ya taɓa mutu min a igiya ya mutu, ko a gindin ƙarfen da ake sokawa ko wajen da ta rabu biyu, kunne ɗaya ya ɗauke sai ka riƙa murzawa kana neman inda zai kama, alhali sifikun lafiyarsu ƙalau. Mai cirewa kuwa 'yan ƙarafa biyu ne na milimita 0.78 ko kuma irin da ake kira MMCX, igiya ta lalace ka sayi wata ka maƙala. Kamfanonin China irin su KZ da Moondrop da 7Hz suna yin masu kyau a wajen dala 20, sauti mai tsabta da a da sai ka je wajen Sennheiser ko Shure ka biya ninki da yawa. A Katsina ban same su a shago ba, sai da na yi saƙo Kano, Fam Senta, wani ɗan uwa ya duba min. Igiyar tana zagayawa ta bayan kunne, farko za ka ji wani iri, amma hakan ne ke hana ka jin ƙarar gogar igiya a jikin riga. In kana son amsa waya da shi ka duba ƙarfen, zobe uku shi ne mai makirfo, zobe biyu sauraro kawai.

Jabu kam sun cika kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, kwali ya yi kyau har da leda. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas ka san akwai magana. Gara ƙaramin kamfani na gaske da babban suna na ƙarya.

Wani abu da iyafis mai kyau ya tona min shi ne memorina. Waƙoƙin da aka tura min a wajen masu turi, da waɗanda suka yi ta yawo a Xender da WhatsApp, da yawansu 128 kbps ne ko ƙasa, wasu ma an sake matse su ba sau ɗaya ba, da tsohon iyafis ban taɓa lura ba, yanzu kuwa ina jin wani shuu shuu a saman sautin. Inda na samu 320 na canza. Na da ɗin da aka kwaso daga kaset babu yadda za a yi da su, hucin kaset ɗin na nan, amma ko a hakan yanzu ina jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, ina jin inda ɗan amshi ɗaya ya riga sauran shigowa, abubuwan da shekara da shekaru ina sauraren waƙar ban san suna ciki ba.

Lokacin hunturu ƙura da dattin kunne suna toshe 'yar ragar bakin, sai ka ji gefe ɗaya ya yi ƙasa ka ɗauka ya lalace. Ina cire robar in wanke da ruwa da ɗan sabulu ta bushe sarai, ragar kuma in juya ta ƙasa in share da busasshen tsohon buroshin haƙori, ba a sa allura ko tsinke. Ba na ba da aro, abin da ke shiga cikin kunne ne, ciwo na iya bi. Ina naɗe shi a 'yar jaka ba a jikin waya ba. Kuma tunda yana toshewa sosai ba na saka shi in ina kan babur ko zan tsallaka titi wajen Ƙofar Ƙaura, sai na zauna a mota na biya kuɗi an tashi sannan nake cirowa. Yanzu irin ta soson nan nake nema mai daidai da bakinsa, don baki ma kowane iyafis da faɗinsa, na aika da awon Kano ina jira.