Yadda na zaɓa wa tsohuwar Marsandina kwamfuresar iska

Motar Marsandi ce 230E ƙirar 1982, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, kuma da aka zo rabon gado ni na roƙi 'yan'uwa su bar mini ita. Sifirin ɗinta na baya ya riga ya saki, in mutum uku suka zauna sai salansa ta riƙa gogar ƙasa a duk wani tudun rage gudu da ke unguwarmu. Sai na yanke shawarar cire sifirin gaba ɗaya in sa jakunkunan iska a ƙafafu huɗu, yadda zan ɗaga ta in hanya ta lalace, in sauke ta in na hau kwalta mai kyau. Jakunkunan da tiyo da bawul-bawul ba su ba ni wuyar zaɓe ba. Kwamfuresa ce ta cinye mini lokaci, domin ita ce ke cika tankin da komai ke sha daga cikinsa.

Ɗora mota a kan iska ba sabon abu ba ne. Cadillac ta yi shi a Eldorado Brougham tun 1957, Marsandi ma ta yi a 300 SEL da kuma babbar 600 ɗin nan ta shugabannin ƙasashe. A waɗannan Marsandin inji ne ke juya kwamfuresa da bel. Har yau akwai masu bin wannan hanya, suna ɗauko tsohuwar kwamfuresar sanyaya mota mai suna York 210, wadda ta zo a wasu tsofaffin Ford da Volvo da Marsandi, su mayar da ita ta hura iska. Tana da sauri ƙwarai, ba ta kuma cin wutar kirki. Na daɗe ina sha'awarta. Abin da ya hana ni shi ne ba ta aiki sai inji na tashe, tana buƙatar a ƙera mata mazauni a jikin inji, kuma takan tura ɗan mai cikin iskar, sai an sa mata matata ta raba su. Ni kuwa ba na so a taɓa gaban injin nan, ina son duk wanda ya buɗe bonet ya gan shi yadda Baba ya bar shi. Don haka na koma kan masu aiki da batir, na bolt 12, waɗanda ake ɓoyewa a but.

Lambar da ake fara nuna wa mai saye ita ce ta matsin iska, wato psi. A kasuwa za ka ga ƙananan famfunan hura taya an rubuta musu 250 ko 300 a kwali, farashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Waɗannan ba na wannan aiki ba ne ko kaɗan. An yi su ne su hura taya ɗaya su huta, in ka sa su cika tanki za su ƙone. A kwamfuresar gaske lambobi uku ne ke tafiya tare: iyakar matsin da take kaiwa, yawan iskar da take turawa a minti ɗaya wanda ake rubutawa CFM, da kuma tsawon lokacin da za ta iya yi tana aiki kafin ta nemi hutu, wanda ake rubutawa da kashi cikin ɗari.

Biyu na ajiye a gabana daga kamfanin Viair na Amurka. 400C ta fi sauri, amma a psi 150 take tsayawa, kuma kashi 33 ne aikinta, ma'ana duk mintin da ta yi tana aiki tana bin ka bashin minti biyu na hutu. 444C ba ta kai ta sauri ba, sai dai tana kaiwa 200, tana iya aiki ba tsayawa a psi 100, a 200 kuma kashi 50. Da farko saurin ne ya ja ni. Abin da ya sauya mini ra'ayi ɗan rubutu ne ƙarami a takardar kamfanin: an auna waɗannan lambobi ne a yanayi mai zafin kusan digiri 22. A Kano a watan Afrilu zafi yakan wuce 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana. Kwamfuresa kuwa ita kanta zafi take haifarwa, don duk iskar da aka matse sai ta ɗumama. Wadda aka ce ta huta kashi biyu cikin uku a ƙasa mai sanyi, a wurinmu hutun da take buƙata ya fi haka. Tun daga nan na cire duk wadda ba ta kai kashi 100 ba daga lissafi.

Batun 200 ɗin ma yana da dalili, ba ado ba ne. Iskar da ke cikin tanki ba dukkanta ce ke da amfani ba, sai wadda ta ɗara matsin da ke cikin jaka. A motata jakunkunan gaba, inda nauyin inji yake, suna neman wajen psi 90 kafin ta tsaya daidai, na baya kuma ƙasa da haka. In tanki yana 150, ratar 60 ce kawai kake da ita. In yana 200, ratar ta zama 110, kusan ninki biyu ke nan daga tanki ɗaya mai galan 5, wato kimanin lita 19. Amma hawa na ƙarshen nan zuwa 200 shi ne inda kwamfuresa ta fi jan ƙafa, ta fi zafi, ta fi jan wuta. Na'urar da ke sarrafa tsarin ta ba ni zaɓi tsakanin 150 da 175 da 200, sai na tsaya a 175. Motar na tashi da wuri, kwamfuresa kuma ba ta galabaita.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wurin wani dattijo mai gyaran wayarin mota a kusa da Ƙofar Ruwa. Na je masa da niyyar sa kwamfuresa biyu a tashi ɗaya, kamar yadda akasarin masu wannan aiki suke yi. Bai ce komai ba sai da ya leƙa ya karanta abin da ke jikin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki.

"Ɗana, wannan amf 55 take bayarwa, shi ma sai inji na gudu. In kana tsaye a cunkoso ba ta ba ka haka."

Na ce, "To Baba, ai batir sabo ne."

Ya ce, "Batir randa ce, altaneta ce rijiya. Kana ɗiba fiye da yadda ake zubawa, ko randar ta kai ina sai ta ƙafe."

Ya lissafa mini da yatsu. Kowace kwamfuresa irin wannan tana jan wajen amf 20 in matsi ya yi sama, biyu sun tasam ma 40. Fitilun gaba biyu masu wat 55 sun kusa amf 10. Ga famfon fetur na lantarki, don 230E ba kafireto gare ta ba, ga fanka, ga wutar filogi. Da daddare a cunkoson Titin Zariya, da fitilu a kunne da kwamfuresa biyu suna ruri, batir ne zai riƙa biyan gibin. Kuma in wuta ta yi ƙasa, injin lantarkin da ke cikin kwamfuresa yakan yi nauyi ya ƙara zafi, abin da nake gudu tun farko.

Shawararsa na bi. Muka fara da 444C guda ɗaya, amma ya ja waya mai kauri da za ta ɗauki biyu tun daga batir har but, ya sa fis dab da kan batir don ko waya ta goge a hanya ba za ta kama da wuta ba, ya sa rile yadda makunni ba zai ɗauki nauyin wutar ba. Wayar at kuwa, wato wadda ake ɗaurawa a jikin bodi, sai da ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin ya ɗaure ta. Daga baya da na samu altaneta mai amf 90 da aka ciro daga Marsandi ta baya-bayan nan, muka ƙara ta biyun. A ganina amfanin biyun ya wuce sauri. Kowacce rabin lokaci take yi tana aiki, saboda haka ba ta kai ga yin zafi sosai, in kuma ɗaya ta tsaya a hanyar Kaduna ɗayar za ta kai ka gida. Wanda altanetarsa ba ta kai ba, guda ɗaya mai kyau ta fiye masa biyu masu yunwar wuta.

Wurin ɗaurawa ma ya sha tunani. Ramin safaya ya fi kyan gani don komai a ɓoye yake, amma ba iska ke zagayawa a can, sai na ɗora su a kan katako a bayan kujerar baya, da robobi a ƙarƙashi. Ƙara tana nan, ba zan ce babu ba, ana jin gurnaninta a cikin mota, sai dai robobin sun hana ta shiga jikin bodi.

Abokan gaba biyu ne suka rage, kowanne da lokacinsa. Da damina iska cike take da laima, in an matse ta ta huce sai ruwa ya kwanta a tanki, daga nan ya bi tiyo ya lalata bawul. Na sa matarar ruwa tsakanin kwamfuresa da tanki, ina kuma buɗe magudanar ƙasan tankin duk mako, ruwan da ke fitowa a watan Agusta sai ya ba ka mamaki. Da hunturu kuma ƙura ce. Waɗannan kwamfuresoshi ba sa amfani da mai, wani zobe ne a jikin fistin ke riƙe iska, ƙura kuwa cinye shi take yi a hankali har ka ga tanki ya daina cika da wuri. Matatar bakin shan iska ƙarama ce mai araha, ina duba ta akai-akai daga Disamba zuwa Fabrairu, in ta yi ja in sauya. Akwai kuma ɗan bawul a bakin tiyon kwamfuresa da ke hana iska komawa baya. In ka cika tanki da dare ka tarar ya ragu da safe, ka fesa ruwan sabulu a mahaɗai ba ka ga kumfa ba, shi za ka fara zargi.

Abu na ƙarshe da dattijon ya sa na ƙara shi ne bakin hura taya na yau da kullum a jikin tankin. Kuɗinsa bai kai na cin rana ɗaya ba. In wuta ta ƙi gaba ɗaya, kowane mai faci a bakin titi zai iya jona tiyonsa ya cika mini, in dai injinsa ya kai psi 100 motar za ta tashi daga ƙasa in lallaɓa da ita zuwa gareji.