Matakalar da na cire daga Dulohupa

A shekarata ta uku ina karatun zanen gine-gine, malaminmu ya raba mana aiki, kowa ya ɗauki gidan gargajiyar wata al'umma ya yi nazarinsa. Ni aka ba ni na mutanen Gorontalo, wani lardi a arewacin tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, wanda sai a shekarar 2000 aka cire shi daga lardin Sulawesi ta Arewa.

Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Gida ne na katako da aka ɗora a kan dirkoki, don ya tsira daga ruwa da danshin ƙasa, iska kuma ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa. Na zana shi tsaf daga hotuna. Sai na lura ginin da suke kira Dulohupa yana da matakala biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu. A ganina ɓarnar katako ce, na cire guda.

Malam ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗora bakin fensirinsa inda na bar fili. "Ina ɗayar?" Na ce, "Malam, ai ɗaya ta isa a hau." Ya ce, "Ka san ma'anar sunan ginin?" Na yi shiru.

Ashe a harshensu dulohupa na nufin zaman shawara har a cimma matsaya. Nan dattawa ke haɗuwa, nan ake yanke hukunci a zamanin sarakunansu, haka ma a Bantayo Poboide, wani gidan gargajiyar nasu da ke garin Limboto. Matakalar ma tana da sunanta, tolitihu, kuma ta al'ada ce, ba ado ba. Mutanen nan yawancinsu Musulmi ne, suna da ƙa'idar da suke riƙe da ita gam: al'ada ta jingina da shari'a, shari'a ta jingina da Alƙur'ani. Ni kuwa katako kaɗai na gani.

Abin ya tsaya mini a rai, don a zauren kakana na tashi, inda ake sulhunta rigima, ake ɗaura aure, baƙo kuma ba ya wuce nan sai da izini. Da wani ya zana gidanmu ya share zauren, da sai na ji kamar ya zage mu.

Daren ranar na mayar da matakalar. Da na je gida hutu kuma, na tarar Kawu na shirin mayar da zauren shago, na roƙe shi ya ba ni mako guda in auna shi in zana tukuna.